Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, A Kan Bin Sawun Magani Cikin Ƙwaƙwalwa

Daga Sabon Gari, Maraɗi.

 

Allah ya gafarta Malam, dalilin wannan takarda wata tambaya ce da wani manomi ya yi mini a zauren gidana, na kasa ba shi amsa har ya riga mu gidan gaskiya. Kuma tun daga ranar da muka kai shi makwancinsa nake bibiyar abin da masana ilimin ɗibbu suka rubuta a kanta, har ya bayyana gare ni cewa tambayar nan tasa ita ce ainihin mas'alar da manyan likitocin ƙwaƙwalwa na duniya suke fama da ita a wannan zamani. Na zaɓi in kawo maka ita a bainar jama'a, domin jami'ar da aka ɗora maka amanarta ita ce gidan da ya dace a nemi irin wannan amsa a ƙasar Katsina da Gobir.

Shi wannan bawan Allah ƙanen mai ɗakina ne, mai garka a Jiratawa, inda yake noman zogale da albasa da ruwan kanal. Abin ya faro masa da ciwon kai mai tashinsa kafin kiran assalatu, tare da amai ba tare da ya ci kome ba. Daga nan sai faɗuwa irin ta farfaɗiya, alhali ya haura shekara 40 bai taɓa yin ta ba. Daga bisani hannun hagu ya fara sakin fartanya. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, kuma ba na zargin kowa a cikinsu, gama ƙauna ce ta sa su, da iyakar abin da suka sani suka yi. Sai da watanni suka shuɗe kafin a ɗauki hoton kansa. Ban manta da yammacin da ya zaro hoton daga cikin babbar ambulan ba, muka ɗaga shi saitin hasken ƙofar zaure bayan la'asar, muka ga wani farin zobe a ɓangaren dama, cikinsa baƙi, girmansa bai fi ƙwan zabo ba, ya ture tsakiyar ƙwaƙwalwa gefe guda kamar yadda saiwar bedi take ture ginin ƙasa. Aka sayar da sa guda da raguna biyu, aka jinginar da rabin garka, aka tafi Yamai, aka yi masa aiki, aka yi wa ƙarin gashi da na'ura, aka dawo da ƙwayoyin magani a cikin leda.

Wata rana yana haɗiyar maganin nan da kunu, sai ya dube ni ya ce, "Yaya, ni fa in na buɗe ruwa a bakin kanal ba na komawa inuwa in zauna. Bin sa nake da ƙafa har in gan shi ya shiga fangalin ƙarshe, don na san akwai ramin gafiya a hanya, akwai kuma maƙwabci mai karkatar da shi. To, wannan da nake haɗiya, wa ya bi shi ya ga ya isa?"

Allah ya gafarta Malam, ka fi ni sanin cewa tambayar tana da tushe, amma ka yi mini haƙuri in shimfiɗa shi saboda sauran masu karatu. A shekarar 1885 wani likitan Jamus, Paul Ehrlich, ya zuba rini a jinin dabbobi, da ya feɗe su sai ya tarar kowace gaɓa ta rinu, in ban da ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, waɗanda suka fito fari tas kamar ƙyallen da bai taɓa shiga marina ba. A 1913 almajirinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba shuɗin rini a cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sai ita ta rinu, sauran jiki ya tsira. Da wannan aka tabbatar akwai wata ganuwa tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma da aka sami madubin da ya fi ƙarfi aka ga cewa bangon ƙananan jijiyoyin jini na cikin kai ɗinke yake ɗinki mai tsanani, ba kamar na hanta ko na tsoka ba, sa'an nan a jikinsa akwai wasu masu tsaron ƙofa waɗanda ko magani ya kutsa sai su tunkuɗo shi waje. Wannan hikima ce ta Mahalicci, domin da ba don ita ba da kowace guba da ta ratsa jini ta taɓa hankalin ɗan Adam. Sai dai mai gadin da ke korar ɓarawo shi ne kuma yake korar likita, har masana suka ƙiyasta cewa wajen kashi 98 cikin 100 na magunguna masu ƙananan ƙwayoyi ba sa ƙetare ta, manyan kuwa kusan dukkansu a waje suke kwana.

Farin zoben da muka gani a zaure shi kansa shaida ne a kan wannan ganuwa, gama kafin a ɗauki hoton akan yi wa majiyyaci allurar wani ruwa mai haske a idon na'ura, ruwan kuwa ba ya fita daga jijiya sai inda ƙari ya fasa ganuwar. Saboda haka zoben yana nuna wurin da ta rushe ne kurum. Amma mugun ƙarin da ake kira giliyobilastoma, wanda shi ne ya fi kowane ƙarin ƙwaƙwalwa na manya tsanani, yakan aika da 'ya'yansa su bi tsakanin lafiyayyen nama kamar yadda ƙiri-ƙiri ke yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, su ɓuya a bayan ganuwar da ba ta fashe ba, inda wuƙar likita ba ta gan su ba, magani kuma bai iske su ba. Wannan ne ya sa, ko a asibitocin Turai, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. A gwajin da likita Roger Stupp na Lozan ya jagoranta a kan mutum 573, wanda aka buga a 2005, da aka haɗa gashi da maganin temozolomaid, matsakaicin kwanan da majiyyata suka yi ya tashi daga wata 12.1 zuwa wata 14.6, kuma har yau wannan tsari shi ne madogara. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma neman magani umarni ne, kuma wata biyu da rabi kacal ya isa ya hana masu bincike barci.

Daga nan ne hankalinsu ya koma ga abin da suke kira ƙwayoyin nano. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashin kai kuwa yakan kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100, su kuma waɗannan ƙwayoyi daga nanomita 3 ko 4 ne zuwa wajen 100. Watau jakunkuna ne 'yan mitsi-mitsi, na kitse ko na zinariya ko na tsatsar ƙarfe, da ake ɗura wa magani, a shafe bayansu da abin da zai ɓatar da sojojin jiki, wani lokaci har a liƙa musu alamar da za ta sa mai tsaron ƙofa ya ɗauka baƙon gida ne. Ɗaya daga cikin na farkonsu da suka shiga kasuwa, mai suna Doxil, an yarda da shi a Amurka tun 1995. An sa rai ƙwarai, an kashe dukiya mai yawa. Sai a 2016 wasu masana na Jami'ar Toronto ƙarƙashin Warren Chan suka tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a kan ɓeraye, suka lissafa, suka ce a matsakaici kashi 0.7 cikin 100 na abin da aka yi allura ne kaɗai yake isa ga ƙari, watau bakwai cikin dubu, saura kuwa hanta da saifa da ƙoda sun tare shi a hanya. Malamai sun yi jayayya a kan yadda aka yi lissafin, kamar yadda suka saba, amma babu wanda ya musa cewa ramin gafiyar da manomin Jiratawa ya ambata yana nan, kuma ya fi yadda ake zato faɗi.

To, a nan ne maganar hoto ta shigo, kuma ita ce zuciyar wasiƙata. Malamanmu na tauhidi sun bambanta tsakanin zato da yaƙini, sa'an nan a cikin yaƙinin ma suka fifita wanda aka samu ta gani da ido a kan wanda aka samu ta labari, Bahaushe kuma ya taƙaice zancen da cewa gani ya kori ji. Abin da masu bincike suka koma yi shi ne su rataya wa jakar magani wata fitila da na'ura za ta hango daga waje, ba tare da an tsaga kai ba. In ƙwayar ta tsatsar ƙarfe ce, to na'urar maganaɗisu, wadda likitocinmu ke kira IRM, 'yan'uwanmu na Nijeriya kuma MRI, tana ganin inda ta taru a matsayin duhu. Akwai ma wani maganin ƙarancin jini mai suna ferumoksitol, wanda aka yarda da shi a 2009, da likitocin Oregon suka daɗe suna amfani da shi ta wannan fuska wajen duban ƙarin ƙwaƙwalwa. In kuwa an liƙa mata ɗan ƙarfe mai fitar da haske na nukiliya, sai na'urar PET ta ƙirga adadin da ya isa. Da wannan hanya ta biyu aka bi sawun jakunkunan magani a jikin mata 19 masu sankarar mama da ta bazu, aka buga sakamakon a 2017, aka tarar abin da ke shiga wani ƙari ya ninka na wani har sau 35, alhali magani ɗaya ne, allura ɗaya ce. Duk wanda ya yi tunani a kan wannan adadi zai gane cewa mutum biyu na iya sayar da gona iri ɗaya, su sayi magani iri ɗaya, ɗaya ya sami rabonsa, ɗayan kuwa illar kawai ya kwasa, kuma babu mai iya bambanta su tun da wuri sai wanda ya duba.

Faransawa sun ƙara wani mataki. Masana na Liyon sun ƙera wata ƙwaya mai suna AGuIX, wadda ba ta kai nanomita 5 ba, mai ɗauke da gadoliniyom, ƙarfen da ke haske a IRM kuma yake ƙara wa gashi kaifi a inda ya taru. A asibitin jami'a na Girenobul aka gwada ta a kan mutum 15 waɗanda daji ya haura musu ƙwaƙwalwa daga huhu ko mama ko hanji ko fata, ana yi musu allura, a ɗauki hoto bayan awa biyu a ga ta shiga ƙarin, sa'an nan a kunna gashi. A Toronto kuma, a asibitin Sunnybrook, cikin Nuwamban 2015, aka fara buɗe ganuwar kanta a jikin ɗan Adam ba da wuƙa ba: aka zuba 'yan ƙananan kumfa a jini, aka auna wurin ƙarin da sautin da kunne ba ya ji, kumfan suka motsa, ɗinkin ya saki na 'yan awoyi, majiyyaciya tana kwance cikin na'urar IRM likitoci suna kallon ƙofar da suka buɗe, kafin kwana ɗaya ta rufe kanta.

Wajibi ne in faɗi gaskiya, don kada wani mai majiyyaci ya karanta wannan ya sayar da gidansa: ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi bai warkar da giliyobilastoma ba tukuna, yawancinsu gwajin farko ne da ake neman sanin ko abin yana cutarwa. Har ma kamfanin Jamus da ya sami izinin Turai a 2010 na zuba ƙwayoyin ƙarfe cikin ƙari a ɗumama su da maganaɗisu ya durƙushe a 2022. Fa'idar da ta tabbata ita ce ta usuli: an daina karɓar da'awar magani ba tare da shaidar isarsa ba.

Na san abin da mai hankali zai ce, domin ni ma na faɗa wa kaina: a jihar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke cika gadajen yara kowace damina, ina mu ina ƙwayoyin nano? Hujja ce mai nauyi, kuma da roƙona a sayo waɗannan magunguna ne da na janye shi. Abin da nake roƙo idon ne, da mutumin da zai riƙe shi. Na'urar da za ta bi sawun magani gobe ita ce yau take duba kan ɗan kabu-kabun da ya faɗi a hanyar Dan Isa, da tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, da yaron da kansa ya kumbura bayan sanƙarau. Har ila yau, ba kowane farin zobe ne daji ba: tarin fuka yakan yi ƙulli a ƙwaƙwalwa mai kama da shi, ƙurji mai mugunya ma haka, kuma waɗannan biyu ana warkewa daga gare su sarai in an gane su. Wanda ya iya karanta hoto, ya kuma sami ɗakin gwajin da zai duba tsokar da aka yanko, shi ne zai raba wanda za a ce wa "sha wannan ka koma gona" da wanda za a ce wa iyalinsa su yi haƙuri. Tun daga ranar 1 ga Oktoba 1971, da aka ɗauki hoton sikana na farko a wani asibitin Landan, a kan wata mata da ake zaton tana da ƙari a ƙwaƙwalwa, ilimin wannan gaɓa tafiya yake kafaɗa da kafaɗa da ilimin hoto.

Ƙasarmu ba ta rasa harsashi ba. A Maris 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Jami'ar Abdou Moumouni tana da cibiyar da ke aikin likitanci da sinadaran nukiliya. A Sakkwato akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo. A Zariya kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Abin da yakan sosa mini rai shi ne, sinadarin tekniciyom da asibitocin duniya suka fi amfani da shi wajen hoton nukiliya daga yuraniyom ake samo uwarsa, mu kuwa tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. Amma nisa yana da hukuncinsa. Sinadarin da aka fi sa wa a na'urar PET rabin ƙarfinsa yake tafiya duk bayan minti 110, tsakaninmu da Yamai kuwa ya haura kilomita 600, tafiyar wajen awa 10 a mota. In aka ɗauko shi da asuba, abin da zai iso Maraɗi bai fi kashi 2 cikin 100 da 'yar ɗoriya ba. Ƙwayar ƙarfe kuwa tana zama a kwalba wata da watanni. Saboda haka a ganina hanyar maganaɗisu ce ta dace da mu, kuma ita ba ta neman kome sai wuta tsayayya, da sanyi, da mai gyara, da masanin fizika da zai auna ta ya san ba ƙarya take faɗa ba.

Wannan masani shi nake roƙon jami'arka ta haifa. Tun kafa ta a 2010 tana da tsangayar kimiyya da fasaha, ga kuma tsangayar kiwon lafiya, a gari ɗaya, ƙarƙashin shugaba ɗaya. Abin da ya rage a haɗa su a kan darasi guda na fizikar likitanci da aikin na'urorin hoto, ko da da almajiri biyar za a fara, a tura su Yamai da Sakkwato da Zariya su ga aiki, mafi hazaƙa a nema masa gurbi a Girenobul bisa sharaɗin ya dawo. Malaman fiƙihu sun sanya ilimin ɗibbu cikin farillan kifaya, wanda in babu mai yin sa a al'umma laifin yana kan kowa. Kuma ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa: Abdou Moumouni, wanda ya yi fice a fizika da binciken hasken rana, haifaffen Tasawa ne, shi kuma wanda jami'arka ke ɗauke da sunansa ɗan Maraɗi ne, masanin kimiyya, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi. Tare da darasin, ina roƙon a buɗe ma'ajiya inda za a adana hoton kowane mai ƙarin ƙwaƙwalwa na wannan jiha, da yardarsa, da sakamakon gwajin tsokarsa da yadda ya ƙare, domin a halin yanzu hotunan nan suna ƙarƙashin katifu a Tibiri da Jiratawa da Gidan Rumji, zafi yana narkar da su, ilimin da ke cikinsu yana tafiya tare da masu su.

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake gaggawa. Ranar da waɗannan magunguna za su nemi jikin da za a gwada su a kai da yawa, za a ƙwanƙwasa ƙofar Afirka, kamar yadda aka saba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara wajen 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a fahimtar da su ba, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Mutanen Tibiri kuma sun san abin da ke faruwa in aka bar abin da ido ba ya gani ba a auna shi ba, tun da ruwan burtsatse mai yawan sinadarin fuliyo ya tanƙware ƙasusuwan 'ya'yansu shekaru kafin a farga. Ba na cewa a rufe ƙofa ga masu gwaji, gama da gwaji ilimi yake ci gaba. Cewa nake kafin su iso a sami majalisar amana a jami'a, mai likita da masanin fizika da malamin shari'a da mace mai faɗa a ji, wadda za ta shardanta a karanta wa majiyyaci takardar yarda da Hausa, a nuna masa hoton inda maganin ya tafi a jikinsa, kofin hoton kuma ya zauna a Maraɗi. Majalisar da babu mai iya karanta hoton a cikinta sa hannu kawai za ta yi.

Daga ƙarshe, da almajiran nan za su riƙa zagawa wurin limamai da masu ruƙiyya, cikin ladabi, su bayyana musu cewa ciwon kai na asuba mai tafe da amai, da farfaɗiyar da ta fara da girma, da gani bibbiyu, da hannun da ke saki a hankali, alamu ne da ke neman hoto tare da addu'a, da an rage watannin da muka ɓatar. Mafi yawan malaman da na sani za su karɓi wannan hannu bibbiyu.

Hoton ƙanen mai ɗakina yana wurina har yanzu, cikin ambulan ɗinsa, a saman akwatin littattafai inda rana ba ta kai, kuma matarsa da babban ɗansa sun yarje mini in bayar da shi. Ranar da aka buɗe darasin, a aiko mini da yaro Sabon Gari, ni da kaina zan kawo shi, in kuma maimaita wa almajiran tambayar da ya yi mini, da kalmominsa.

Allah ya taimake ka a kan amanar da ke wuyanka, ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
Sabon Gari, Maraɗi.